Ɗigo Uku a Cikin Ƙofar Shuɗiya

Sati biyu cur Ermete Guerzoni ya yi bai goge motarsa ba, abin da bai taɓa yi ba a shekara arba'in da takwas da ya yi da ita. Ya bar tagar gareji a buɗe don ƙura ta shigo, ya kuma ƙyale kyanwar maƙwabta tana kwana a kan murfin inji. Kullum da safe in ya leƙa ya ga sawunta a kan shuɗin fentin, sai ya ji kamar a fuskarsa ta taka, ya cije ya ja ƙofa. Duk mai tsohuwar mota a yankin Modena, in ya ji mai ƙiyasin inshora na tafe, wanke ta yake yi har ƙarƙashi don ta yi tsada. Shi Ermete so yake tasa ta faɗi warwas.

Wasiƙa ce ta jawo. Motar, wadda duk gidan ke kira Shuɗiya, 'yar kujera biyu ce marar rufi, ɗaya daga cikin goma sha ɗaya da aka ƙera a masana'antar tsoho Ghidoni a 1961. Masana'antar ta daɗe da komawa kantin tayal. Ermete ya sayi motar a 1974, shekarar da mai ya yi wuya har aka hana tuƙi ran Lahadi, lokacin da masu irin waɗannan motoci ke neman mai raba su da su ruwa a jallo. Abin da ya biya bai kai kuɗin sabuwar ƙaramar Fiat ba. To bana sai aka kai 'yar'uwarta gwanjo a ƙasar waje, wasu masu kuɗi biyu suka yi ta ɗaga hannu, kowa na ƙin a ce shi ya fara gajiya, har ta haura Yuro miliyan. Kamfanin inshora ya ji labari. Ya rubuto cewa dubu sittin ɗin da ke kan takardar Shuɗiya tun shekara ashirin baya ba ta yi daidai da zamani ba, za a turo a sake yi mata kuɗi. In ta wuce dubu ɗari biyu, ta shiga wani aji mai sharuɗɗa: ƙofar ƙarfe a gareji, na'urar bin sawu a mota, tafiyar kilomita dubu kacal a shekara. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ya sa Ermete ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa. Wanda ya haura shekara saba'in da biyar ba zai tuƙa ta ba. Shi kuwa ya cika tamanin a watan Janairu.

Matarsa Nives, shekara uku ke nan ciwon mantuwa na cin ta. A cikin gida ba ta san shi ba. Shi ke haɗa mata kofi, ya taje mata kai, ya ɗaura mata takalmi, ita kuma ta dube shi cikin ladabi ta ce, "Na gode, bawan Allah. Ba ka ga Ermete ba? Ya ce ba zai daɗe ba." Ya ce, "Yana hanya, Signora." Kwana shida a haka. Amma ran Lahadi, da ya murza makullin Shuɗiya, injin ya yi tarinsa biyu ya kama, sai ta fito da kanta riƙe da ɗankwalinta ruwan ƙwai, ta zauna a kujerar dama kamar jiya ta tashi daga kanta. Kafin su haye gadar Vignola hannunta ya sauka a gwiwarsa. "Ermete, a hankali da kwanar nan, ba tsere muke ba." Daga nan har saman tudun Guiglia da dawowa, awa ɗaya da rabi, wani lokaci biyu in an yi sa'a, yana da mata. Likita ya ce wataƙila ƙarar ce, wataƙila warin mai da tsohuwar fata, shi ma bai sani ba. Ermete ya taɓa gwadawa da ƙaramar motarsa ta cefane. Nives ta ƙanƙame jakarta tun daga gida har Guiglia, da suka isa ta tambaye shi nawa ne kuɗin tasi.

Ranar Juma'ar da mai ƙiyasi zai zo, 'yarsu tilo Morena ta ɗauki hutu a kantin maganin da take aiki a Bologna, ta iso tun ƙarfe tara. Ta leƙa gareji, ta riƙe ƙugu.

"Baba, me ya sami motar nan? Kiwon kaji ka fara a ciki?"

"Tsufa ne. Ni ma dube ni."

"Kai da ke goge ƙarfen tayarta da buroshin haƙori? Na san abin da kake ƙullawa." Ta sassauta murya saboda uwar na kicin tana ninke tsumman tebur, aikin da take yi ta warware ta sake duk safiya. "Ka san nawa ake biya a gidan kula da masu irin ciwon Mama? Dubu uku da ɗari biyar a wata. Fanshonka bai kai rabi ba. Ga zuciyarka, likita ya ce..."

"Ya ce in rage cuku. Na rage."

"In ka faɗi gobe, da me zan riƙe ta? Ban da gidan nan, motar nan ce kaɗai kuka mallaka. Ka fita da ita, wani mai danna waya ya daki bayanka, shi ke nan kuɗin jinyar Mama sun koma dubu sittin. A yi mata kuɗinta na gaskiya, a rufe ta, a bar ta ta huta. Kai ma ka huta."

Ermete ya san gaskiya take faɗi, kuma ba kwaɗayi ke sa ta ba. Ya sha ba ta labarin Lahadi, ta ce, "To, Baba," da irin muryar da take yi wa tsofaffin da ke zuwa kanti suna cewa tafarnuwa ta warkar musu da hawan jini. Ita Asabar take zuwa, kuma shekara biyu ke nan uwarta na ɗaukarta ma'aikaciyar asibiti. A ganinta uban ya ƙirƙiro labarin ne don kada a raba shi da abin wasansa.

Ƙarfe goma mai ƙiyasin, Injiniya Cavazzuti, ya iso, gajere mai tumbi, tabarau rataye a wuya, mutumin da ya yi shekara talatin yana leƙa ƙarƙashin motocin jama'a yana sauraron ƙaryarsu. Ya tsaya a bakin gareji, ya cire hula kamar wanda ya shiga coci.

"Ka gani ko, Injiniya?" in ji Ermete. "Ta gama yawo. Kada ka ɓata lokacinka, rubuta ɗan abin da ya samu ka zo mu sha kofi."

Cavazzuti ya shafa yatsa a gefen murfin inji, fenti ya ɗauki ido a ƙarƙashin ƙurar. "Signor Guerzoni, bara wani Bajamushe ya ƙara dubu hamsin a kan wata mota saboda an same ta a rumbu da kashin tattabara a kanta. Yanzu har ƙura saye ake. Sai dai taka ta sati biyu ce, ba ta nuna ba."

Morena ta juya baya tana dariya. Ermete ya haɗe rai ya buɗe ƙofa. "Dubi kujeru, duk sun tsattsage."

"Fatar 1961 ce? Ba a taɓa sauyawa ba?"

"Ina na ga kuɗin sauyawa?"

"Madalla da talauci," in ji Injiniya, yana rubutu. "Kada ka bari kowa ya taɓa su."

"Agogon fetur ƙarya yake yi. Sitiyarin ya goge. Tana zubar da baƙin mai kamar tsohuwa mai mura."

"Duk haka suka fito." Ya haska tocila a jikin inji, ya duba lamba, ya duba takarda, ya yi fito a hankali. "Injin da aka haife ta da shi ne. Shekara talatin ina wannan aiki, kowa rantsuwa yake motarsa ba ta taɓa ko atishawa ba. Yau na ga mai zagin tasa a gaban baƙo."

Ermete ya ga kowane ƙorafi ya kawo sai ya zama kuɗi. Saura abu ɗaya, wanda ya ajiye don ranar wuya, wanda ko abokan shan kofinsa bai taɓa gaya wa ba. Kowa ya san motar da aka sauya wa wani sashe na jiki darajarta karyewa take.

"Ƙofar direba," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ba tata ba ce. A 1979 matata na koyon tuƙi, ta yi baya da ƙofa a buɗe, ta haɗa ta da bishiyar ceri. Ta lanƙwashe kamar takarda. Ghidoni ya riga ya rufe, ba inda za a samu wata. Na sayi fallen alminiyam na buga ta a nan, a kan kututturen can. Aikin gida ne. Rubuta."

Cavazzuti ya durƙusa da ƙyar, ya kanne ido ɗaya ya bi layin motar daga fitila har wutsiya. Ya rufe ƙofar, ya buɗe, ya sake rufewa yana sauraro. "Ba a gani."

"Ai shi ya sa nake gaya maka," in ji Ermete, kuma duk da halin da yake ciki sai da ƙirjinsa ya ɗan taso.

"Sai na ga cikinta."

Ermete ba ya barin wani ya kusanci Shuɗiya da sukudireba, don haka shi ya kwance marfin cikin ƙofar da kansa, ya jera notinan a kan hankici. Injiniya ya zura tocila. Ya ƙura ido ciki. Can ya ɗago, ya sa tabarau, ya sake zura kai.

A masana'antar Ghidoni babu injin matse ƙarfe. Mutum shida ne da guduma da kututture da buhun yashi, suna bugun fallen alminiyam har ya ɗauki siffar da ake so. Kowane mai bugu yana da alamarsa da yake yi da ɗan ƙarfe mai tsini a cikin aikin, inda ido ba ya kai, don Ghidoni ya san wanda zai biya da wanda zai zaga. Wani gicciye, wani layi biyu. Ermete, ɗaya daga cikin shidan, yana ɗan shekara goma sha tara, ɗigo uku ya zaɓa, a kusurwa uku kamar duwatsun murhu. Shi ya buga yawancin jikin Shuɗiya, shi ya sa ma da ya gan ta a kasuwa ya kasa wucewa. A 1979, a garejinsa, babu Ghidonin da zai biya ko ya zaga, amma da ya gama ƙofar hannunsa ya ɗauki ƙarfen ya ɗiga uku ba tare da ya yi shawara da shi ba. Wallahi ya manta. Sai yanzu da hasken tocila ya sauka a kansu.

Cavazzuti ya tashi. Ya ɗaga murfin inji ya haska ƙarƙashinsa. Ya buɗe but. Ya shimfiɗa jarida ya kwanta a ƙasa da tumbinsa da komai, ya leƙa bayan taya. Daga can ƙasa muryarsa ta fito.

"Ɗigo uku. Nan ma ɗigo uku. Signora Morena, kin san shekara nawa masu tara motocin nan suka yi suna gardama a kan mai ɗigo uku? An ga alamarsa a mota bakwai, kuma su ne suka fi kyan layi. Wasu sun ce ya mutu tuntuni. Wani Bature ɗan Ingila ma ya rubuta cewa Ghidoni ne da kansa."

"Ghidoni?" Ermete bai san lokacin da maganar ta fito daga bakinsa ba. "Ghidoni da ko gwangwanin tumatir bai iya miƙarwa ba? Ihu kaɗai ya iya! Wannan layin na baya kwana tara na yi a kansa, yana tsaye a kaina yana cin tuffa!"

Sai da ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa.

Injiniya ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya ba shi hannu da ladabin da bai zo da shi ba. "Maestro," ya ce, sunan da ake ba gwanin da ya gama sanin aiki. "Mota a hannun wanda ya buge ta, shekara arba'in da takwas, gyaranta ɗaya tak kuma da gudumar da ta haife ta. Masu kuɗin nan labari suke saye, ƙarfe na bin baya. Ba zan iya rubuta ƙasa da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ba."

Morena ta dafe baki. Ermete ya zauna a kan kututturen.

"Rubuta dubu ɗari da casa'in, Injiniya. Ba wanda zai sani. Don girman Allah."

"Maestro, in na ce ka buga min ƙofa karkatacciya da gangan, ba wanda zai sani, za ka iya?"

Ermete ya dubi hannuwansa. Su suka tona shi, kuma bai ga yadda zai yi fushi da su ba.

"Saura in ji inji, mu ɗan taka ta," in ji Cavazzuti, ƙasa ƙasa. "Tsohuwar takardar na aiki har ƙarshen wata, kana iya tuƙawa."

Ermete ya mayar da marfin ƙofar, ya shiga, ya murza makulli. Tari ɗaya, tari biyu, Shuɗiya ta kama, garejin ya cika da gurnaninta. Injiniya ya kama hannun ƙofar dama zai shiga, sai ga Nives a bakin gareji, da silifas ɗin gida a ƙafa da ɗankwali ruwan ƙwai a hannu. Ba ta dubi kowa ba. Ta ratsa tsakanin 'yarta da baƙon, ta ce masa, "Gafara dai," ta zauna ta fara ɗaurin ɗankwali a ƙarƙashin haɓa.

"Mama, yau Juma'a ce, kuma wannan mutumin ne zai..."

"Bar ta," in ji Cavazzuti. Ya dubi tsohuwar, ya dubi fuskar Ermete, ya dafa ƙugunsa. "Dama kujerun nan ba don masu tumbi aka yi su ba. Ni daga baya na fi jin ƙarar inji. Signora Morena, ɗauke ni a motarki mu bi su."

Watan Afrilu ne, gonakin ceri sun yi fari fat hagu da dama. Ermete na tuƙi yana satar kallon Nives. Bai taɓa fita da ita ranar da ba Lahadi ba. Ba ƙararrawar coci, ba masu keke cikin rigunansu masu launi, sai manyan motocin tayal. Idan abin na Lahadi ne, ba na mota ba fa? Suka shiga Vignola, Nives na zaune tsaf, hannuwanta a cinya. Suka hau gada, suka sauka. Hannu bai sauka a gwiwarsa ba. Ya dubi madubi ya ga 'yar farar motar Morena na biye, ya san tana kallon bayan kawunansu.

A kwanar farko ta hawan tudu ya yi abin da bai taɓa yi wa Shuɗiya ba. Ya tura giya ta biyu bai gama taka kuloci ba. Motar ta yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kare.

"Ermete!" Hannu ya sauka a gwiwarsa da ɗan duka. "Shekara nawa kana tuƙi har yanzu kana cin giya kamar ɗan koyo? Ni da kake yi wa dariya ban taɓa yi mata haka ba."

"Ke ai ƙofa kika cire mata gaba ɗaya."

"Bishiyar ce ta matso."

Ya yi dariya har hanya ta dushe masa, ya sa bayan hannu ya share ido, ya ce iska ce. Hannun bai tashi daga gwiwarsa ba har sama.

A Guiglia suka tsaya inda suka saba, gaban rumfar mai tigelle, 'yan gurasar nan masu zafi da ake tsagawa a cusa cuku, kusa da dogon ƙarfen da ake jingina a hango fili har Modena. Morena ta ajiye motarta a baya ta fito, ta tsaya nesa kaɗan kamar yadda ta saba yanzu, don kada uwar ta tsorata. Nives na fitowa ta hango ta.

"Morena! Me kike yi a nan ranar aiki? Sun kore ki ne? Zo nan. Wa ya yi miki wannan aski kamar na soja? Ermete, dubi 'yarka, duk ta rame, wuya kamar na kaza."

Morena ta kasa ɗaga ƙafa. Uwar ce ta tako da silifas ɗinta, ta gyara mata wuyan riga, ta lashi yatsa ta kwantar mata da gira. Sannan ta hango Injiniya yana fitowa da ƙyar daga ƙaramar motar.

"Wannan fa? Kada ki ce min shi ne saurayin naki. Ya yi miki tsufa, 'yar nan, kuma da gani ya cika ci."

"Signora, ni ɗan rakiya ne," in ji Cavazzuti, ya cire hula. "Amma maganar ci gaskiya ce."

"To zauna. Ermete, tigelle goma sha biyu, huɗu na yarinyar nan, kuma ina kallo sai ta cinye."

Morena ta ci huɗun, tana ci hawaye na sauka a kan cukun, uwar na faɗan ta cika sa yaji. Nives ta ba Injiniya labarin ƙofar tun daga farko: yadda Ermete ya yi sati uku ba ya magana sai guduma, yadda ranar da ya gama ya shigo kicin ya ajiye mata makulli a kan tebur ya ce ta sake gwadawa, bishiyar ma ya sare ta. Cavazzuti ya saurara bai rubuta komai ba.

Da ta juya tana gardama da mai rumfa a kan cukun bana, Ermete ya tashi ya je ya jingina da ƙarfen. Morena ta biyo shi. Suka daɗe suna kallon filin.

"Kullum haka take yi?"

"Kowace Lahadi. Wani lokaci har mu koma gida ta cire ɗankwali. Daga nan sai bawan Allah."

"Ka gaya min, ban yarda ba."

"Ni ma da wani ya gaya min ba zan yarda ba."

Ta share hanci. "A hanya Injiniya ya ce ƙiyasinsa zai tafi yadda yake, amma ba dole ne mu karɓi babbar inshorar ba. Doka ba ta tilasta komai ba sai ƙaramar inshorar da ke biyan wanda ka buge. Da ita kana iya tuƙi muddin lasisinka na da rai. Sai dai in ta ƙone, ko aka sace, ko ka faɗa rami da ita, ko sisi ba mu da shi."

"Na sani. Tun ranar da wasiƙar ta zo na sani. Amma kuɗin jinyar uwarki ne, kuma ke za a bar wa wahalar in na tafi. Shi ya sa ban yanke ni kaɗai ba, na tsaya ina wasa da kyanwa." Ya juyo ya dube ta. "In kin ce a rufe, a rufe. Ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Morena ta ciro takardar kamfanin daga jaka, ta dubi layin da aka bar mata da shi su sa hannu. Daga rumfa muryar uwarta ta taso: "Morena, sa rigar sanyinki, iskar nan ba ta da kirki!" Ta ninke takardar huɗu ta mayar.

"Ƙarfe nawa kuke fita ran Lahadi?"

"Tara da rabi."

"Zan yi musayar rana da abokiyar aikina. Ni zan riƙa bin ku a baya. Duk mai son dukan Shuɗiya sai ya fara bi ta kaina. Ƙofar ƙarfen da na'urar kuma za a sa, ko kana so ko ba ka so. Kuma ba ka wuce gudun kilomita sittin."

"Sittin? Ai keke ma..."

"Baba."

"To, sittin." Sannan ya ce, "Ni ma ga nawa sharaɗin. Ranar da muka hau har nan ba ta kira sunana ba, Lahadi uku a jere, ki kira Injiniya ya zo da masu gwanjonsa. Ni da kaina zan wanke musu ita."

Ta kama hannunsa, mai kantar guduma har yanzu, ta riƙe.

Da suka koma wajen mota suka tarar Nives na tsaye a gaban murfin inji, ta gano sawun kyanwa. "Ermete, wannan wace irin ƙazanta ce? Ka fito da mu cikin mutane haka?" Ta zaro hankici daga hannun riga ta shiga gogewa.

"Wayyo, Signora," in ji Cavazzuti, ya dafe kai, "dubu hamsin kike sharewa."

"Wannan saurayin naki ba shi da lafiya," ta ce da Morena, ta ci gaba da gugarta har shuɗin ya fito.

A gangarowa Ermete bai ko kai sittin ɗin ba. Farar motar na cike da madubinsa, hannun Nives na kan gwiwarsa, tana lissafa masa abin da za a saya in Morena za ta zo cin abincin Lahadi. Da suka iso mararrabar da ke kafin gada, ya sa sigina tun da wuri don ta baya ta gani, ya ɗauki doguwar hanya, wadda ke zagayawa ta cikin gonakin ceri.